Tambaya da Amsa: Zama da Abokan Aiki Masu Wuyar Sha'ani a Legas

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan mafi yawansu sun taru ne a kan zaman wurin aiki, kuma kusan dukansu daga 'yan'uwanmu ne mazauna Legas da ke aiki a kamfanoni da ofisoshi da gidajen mutane. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun sakaya sunayen masu su da na wuraren da suke aiki, kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ma'aikaci ne a sito na wani kamfanin kayan masarufi da ke Ikeja, ina zaune a Agege, kuma shekarata uku ke nan a wurin. Mu biyu ne ke riƙe da makullin sito, ni da wani da ya girme ni, ya kuma riga ni kama aikin. Idan aiki ya yi kyau, shi ne yake kai wa manaja rahoto ya nuna kamar shi kaɗai ya yi, idan kuwa lissafi ya ƙi cika sai ya ce a hannuna kayan suka fita. A watan jiya an nemi wasu katan-katan an rasa, aka yanke mini kusan rabin albashi ba tare da an ji ta bakina ba. Na yi shiru saboda ganin girmansa, da kuma gudun kada a ce ɗan Arewa ya zo da rigima. Yanzu abin ya fara hana ni barci. Shin in ajiye aikin ne, ko in ci gaba da haƙuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ajiye aikin yanzu, domin wanda ya tafi ana tsakiyar zarginsa da ɓatan kaya, ya bar wa mai zarginsa fili ya faɗi abin da ya ga dama, kuma sunan nan zai iya bin sa har kamfani na gaba. Amma irin haƙurin da kake yi ma ba zan ce ka ci gaba da shi ba. A gida, idan babba ya yi maka ba daidai ba ka kawar da kai, kowa ya san kawaici ka yi, har a yaba wa iyayen da suka yi tarbiyyarka. Manajan da ke Ikeja bai san wannan ba. Abin da ya gani shi ne an ce kaya sun ɓata a hannunka, ba ka musa ba, an yanke maka albashi, ba ka ce uffan ba, saboda haka a wurinsa ka amsa laifi. Na sha ganin yaranmu masu gaskiya da riƙon amana sun rasa aiki a garin nan ta wannan hanya, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai, domin ba ƙwazo suka rasa ba, takarda suka rasa.

Ka fara da shi abokin aikin naka, ku biyu kawai, ba a gaban leburori ko direbobi ba. Ka gaishe shi da girmamawar da ka saba, ka gaya masa cewa asarar watan jiya ta dame ka, kuma kana so daga yanzu ku buɗe littafin miƙa aiki, wanda duk lokacin da makulli zai fita daga hannun ɗayanku zuwa na ɗayan za a ƙirga kaya, a rubuta rana da lokaci, ku sa hannu ku biyu. Kada ka ce masa ɓarawo, kada ka ce masa maƙaryaci, domin ba ka da hujjar ko ɗaya, kuma ba ka bukatar su. Idan mai gaskiya ne wanda tsoron manaja ke sa shi ture laifi, littafin zai kare shi kamar yadda zai kare ka. Idan kuwa ya ƙi, ƙin nasa ma wani abu ne da ya kamata manaja ya sani, sai ka kai shawarar littafin gaba a rubuce, a matsayin gyaran aiki. Haka kuma kowace takardar fitar da kaya da ta bi ta hannunka ka ɗauki hotonta da wayarka, sannan a ƙarshen kowane mako ka aika wa manaja taƙaitaccen bayanin abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunanka a ƙasa. Da wannan maganar wane ne ya yi aiki za ta mutu da kanta, ba tare da ka yi jayayya da kowa ba.

Na san wasu daga cikinmu suna ganin neman a rubuta abu kamar nuna rashin yarda ne ga mutum. Su tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, alhali tsakanin muminai ake maganar.

Sai batun albashinka, wanda ya fi ƙarfin saɓanin abokan aiki, ya shiga hurumin doka. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya hana mai kamfani yanke albashin ma'aikaci da sunan tara. Inda ya ba da dama shi ne idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta hanyar sakaci, kuma ko a nan sai an sami amincewar jami'in ƙwadago a rubuce tukuna, sannan abin da za a yanke ya zama daidai misali. Dokar ta kuma ce jimillar abin da za a cire daga albashin wata guda kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Kai kuwa kusan rabi aka cire maka, ba tare da bincike ba. Wannan doka an yi ta ne domin masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ba ta haɗa da manyan jami'ai da ƙwararru ba, kuma aikinka na sito yana cikin waɗanda ta rufa wa baya.

Ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata wasiƙa gajera mai ladabi, ka faɗi adadin da aka yanke da ranar da aka yanke, ka nemi a nuna maka binciken da aka dogara da shi, ka kuma nemi a ba ka dama ka yi bayani. Ka yi kofi biyu, su buga hatimi a kan ɗaya ka riƙe. Idan an yi biris da kai, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Legas, akwai kuma Cibiyar Sasanta Jama'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas, wadda aka kafa tun 1999, tana sasanta ma'aikaci da ubangidansa kyauta, ba sai ka ɗauki lauya ba. Kafin duk wannan ka nemo takardarka ta ɗaukar aiki ka karanta ta da kyau. Sashe na 7 na dokar ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Idan daga baya ka ga tafiyar ce ta fi maka alheri, wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar sanarwar mako biyu doka ta ɗora masa, sai dai in takardar taka ta faɗi abin da ya fi haka, kuma ka tafi bayan sunanka ya wanku.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni budurwa ce, ina zaune a gidan yayana a Idi-Araba, ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Victoria Island. Shugaban sashenmu ya fara aiko mini da saƙonni cikin dare, yana yabon jikina, yana neman mu haɗu a wajen ofis. Na nuna masa ba na so. Tun daga nan ya sauya mini: yana daka mini tsawa a gaban mutane, yana jibgo mini aiki dab da tashi, sai in faɗa cikin cunkoson motoci in isa gida bayan isha'i, kuma ya ce ƙarin girmana yana hannunsa. Ban gaya wa yayana ba, domin na san cewa zai yi in bar aikin, ni kuwa da albashin nan nake taimakon mahaifiyata a gida. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, da farko ki cire wa ranki cewa akwai abin kunya a wuyanki. Abin kunyar yana wuyan magidancin da ya mayar da kujerarsa tarko ga 'yar mutane. Wannan da kika kwatanta ya wuce mugun halin shugaba wanda ake jurewa, cin zarafi ne, kuma a jihar da kike zaune laifi ne mai hukunci: Dokar Manyan Laifuka ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi ɗaurin shekara uku ga wanda ya matsa wa wani da neman lalata ta yadda amincewa ko ƙin amincewa zai shafi aikinsa ko karatunsa. Ban da wannan, gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon sauraron ƙarar wariya da cin zarafin mata a wurin aiki, kuma a 2013 reshenta na Legas ya ba wata ma'aikaciya gaskiya a kan shugabanta da kamfanin da take wa aiki, ya sa aka biya ta diyya. A 2022 kuma Nijeriya ta rattaba hannu a kan Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi kawar da tsangwama da cin zarafi a wurin aiki. Na kawo miki waɗannan ne domin ki san ba a kan iska kike tsaye ba, ko da ba ki taɓa taka ƙofar kotu ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne kada ki goge saƙo ko ɗaya. Na san zuciya tana so ta share ƙazanta daga waya, amma saƙonnin nan su ne shaidunki, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta amince da abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta. Ki ɗauki hotonsu yadda lambarsa da rana da lokaci za su fito, ki aika da su zuwa imel ɗinki na kanki, ba na ofis ba, domin na ofis ana iya rufe miki shi cikin minti ɗaya. Ki kuma sami ɗan littafi da za ki ajiye a gida, kina rubuta kowace tsawa da kowane aikin dab da tashi, da ranar, da waɗanda suke wurin. Muhimmancin wannan littafi shi ne zai nuna cewa muzgunawar ta fara ne bayan kin ƙi, domin abin da irin waɗannan mutane suka saba yi idan asiri ya tonu shi ne su ce yarinyar ce ba ta iya aiki ba.

Kin ce kin nuna masa ba kya so. Idan da fuska ko da shiru kika nuna, to ki rubuta masa sau ɗaya, a fili, ba zagi ba roƙo: cewa ba kya son saƙonnin da ba na aiki ba, kuma kina neman ya daina. Bayan wannan kada ki sake amsa masa komai sai abin da ya shafi aiki, kada kuma ki yarda ki zauna daga ke sai shi a ofis bayan an tashi. Daga nan ki duba littafin ƙa'idojin ma'aikata, idan kamfaninku yana da shi, ki ga inda aka ce a kai irin wannan koke, ki kai shi a rubuce ga sashen kula da ma'aikata ko ga wanda ke sama da shi, ki riƙe kofi. Ba zan ɓoye miki ba, wannan sashe albashin kamfani yake ci, kuma wani lokaci yakan fi damuwa da rufa wa kamfani asiri fiye da share miki hawaye. Shi ya sa nake so shaidunki su kasance a hannunki kafin ki buɗe baki, kuma shi ya sa nake so ki san ƙofofin waje. Jihar Legas tana da hukuma ta musamman mai yaƙi da cin zarafi a cikin gida da na lalata, wadda doka ta kafa a 2021, tana kuma da Ofishin Lauyan Jama'a mai tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Batun yayanki kuwa, ban goyi bayan ki ci gaba da ɗaukar wannan kaya ke kaɗai ba. Idan kina jin nauyinsa, ki fara da matarsa ko wata babba da yake jin maganarta, ku same shi tare, kina riƙe da tsarin abin da kika yanke za ki yi. Namiji yakan ce a bar aiki ne idan ya ga ba wata mafita, amma idan ya ga ƙanwarsa ta tattara hujja kuma ta san inda za ta kai, sau da yawa sai ya zama shi ne mai rakiya. Ki roƙe shi abu ɗaya, kada ya je ofishin da fushi, domin ranar da ya ɗaga hannu ko murya a can, ranar ce mai laifi zai koma mai ƙara.

Tambaya: Hajiya, ina aiki a wani kamfanin sufurin kaya a Apapa, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a ofishinmu. Akwai mutum biyu da ba sa kiran sunana sai "aboki", kuma duk ranar da aka ji labarin hari a Arewa sai su riƙa zolayata wai 'yan'uwana ne. Ranar Juma'a idan na fita masallaci sai su kai tsegumi cewa ina gudun aiki. Na kusa kai wa ɗayansu hannu.

Amsa: Ɗana, alhamdu lillahi da ba ka kai hannun ba, domin duka a wurin aiki yana cikin laifukan da ake korar mutum a kansu nan take, kuma da ka yi, da ba wanda zai sake tuna abin da suka faɗa maka. Abu uku ka haɗa a wasiƙarka, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kiran da suke yi maka, da yawa a Legas sun tashi sun ji ana yi ne, ba su taɓa tunanin yana yi wa mai shi ciwo ba. Ka same su ɗaya bayan ɗaya a lokacin da ba a cikin raha ake ba, ka ce sunanka wane, kuma da shi kake so a kira ka. Bayan haka duk wanda ya kira ka da wancan kada ka waiwaya, idan ya kira sunanka ka amsa da sakin fuska. Mafi yawan mutane a nan suke gyarawa.

Danganta ka da masu kashe mutane kuwa ba wasa ba ne, ko da da dariya aka faɗe shi, musamman ga mutumin da wataƙila danginsa ne ake kashewa. Ka faɗa musu haka sau ɗaya, cikin natsuwa. Idan sun maimaita, ka rubuta wa shugabanku, ka kawo kalmomin da aka faɗa da ranar da aka faɗe su da waɗanda suka ji. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko inda ya fito, kuma kamfanin da ya san abin da yake yi ba zai so a ce ya ga takarda irin wannan ya kawar da kai ba.

Tsegumin Juma'a shi ne mafi sauƙi, domin yana rayuwa ne kawai a inda ba a yi ƙa'ida ba. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ba wanda ke aikin awa shida ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba a rana. Ka nemi shugabanka ya amince a rubuce cewa ranar Juma'a hutunka zai dace da lokacin salla, ka faɗi lokacin fita da na dawowa, kuma ka cika alkawari, kada a idar da salla ka tsaya hira a bakin masallaci. Zai yi wuya a ce babu Musulmi Bayarabe ko ɗaya a kamfanin, ka neme su ku riƙa tafiya tare. Ina kuma ba ka shawara ka dubi naka ɓangaren: Yarabawa suna ba gaisuwa muhimmanci matuƙa, kuma wanda ya shigo ya zauna shiru a kan teburinsa saboda kunya, sukan ɗauke shi mai girman kai. Koyon gaisuwar safe da ta sannu da aiki a harshensu ba zai rage ka da komai ba.

Tambaya: Hajiya, ni maigadi ne a wata unguwar masu hali a Lekki. Na kawo wani ɗan garinmu na tsaya masa aka ɗauke shi, yanzu kullum sai ya makara, da dare kuma barci yake yi, ni nake rufa masa asiri. Idan na yi magana sai ya ce na manta zumunci.

Amsa: Malam, wanda ya manta zumunci shi ne wanda ka sa hannu a takarda ka tsaya masa, shi kuma yake barci a bakin ƙofar da aka ba ku amana. Ranar da aka yi sata a lokacin aikinsa, kai za a fara nema, domin sunanka ne a takardar lamuni. Ka daina yi masa aikinsa daga yau. Ka kira shi gaban wani dattijo daga cikin mutanen garinku da ke nan Legas, ko ku je wurin Sarkin Hausawan yankinku, ka faɗi abin da ke faruwa a gabansa, a yanka masa wa'adin wata guda. Ka bincika kuma ko wani aikin yake yi da rana, kamar acaba ko dako, wanda ke hana shi barci, domin idan haka ne sai ya zaɓi ɗaya. Idan wa'adin ya cika bai sauya ba, ka rubuta wa waɗanda suka ɗauke ku aiki cewa ka janye tsayawar da ka yi masa, ka riƙe kofin takardar, sannan ka sanar da iyayensa a gida da bakinka kafin labarin ya isa gare su ta wata hanya.